Naman Hanci Ba Ya Sake Tsirowa

Daga cikin ayyukan tiyatar kwalliya da suka samu karɓuwa a wurin matasa a 'yan shekarun nan akwai rage faɗin ƙofofin hanci, kuma da yake aiki ne da ba ya cin lokaci, wanda ake iya yi da allurar kashe zafi ba tare da an sa mutum barci ba, sai masu tallarsa suke gabatar da shi a matsayin ɗan gyara da bai kai a tsaya dogon tunani a kansa ba. Abin da ba a cika faɗa wa saurayi ko budurwar da suka je nema ba shi ne, naman da aka yanke daga gindin hanci ba ya sake tsirowa, don haka duk wanda ya koma bayan wata shida yana roƙon a mayar masa da hancinsa yadda yake a da, yana roƙon abin da babu likitan da ya mallaka ne. Gyara yana yiwuwa, kuma sau da yawa yana kawo sauƙi mai yawa, amma faci ne ake yi da naman da aka aro daga wani wuri a jiki. Wannan nasiha ta 'ya'ya biyu ce: wanda har yanzu yake duban madubi yana shawara, da wanda aka riga aka yi wa aikin, yana kwana da da-na-sani, yana neman hanyar fita.

Sai an san yadda wurin yake kafin a gane dalilin wuyar gyaransa. Karan hanci ƙashi ne daga sama, guringuntsi daga ƙasa, wato wannan abu mai lanƙwasa da ake ji a kunne, amma gefen da ya kewaye ƙofar hanci ta waje, inda ya lanƙwaso ya haɗu da kunci, kusan babu guringuntsi a cikinsa. Fata ce mai kauri daga waje, fata mai laushi daga ciki, da curin nama mai tauri da ɗan kitse a tsakaninsu, kuma wannan haɗin ne yake ba shi zagayen da yake da shi, ya kuma riƙe shi a buɗe sa'ad da mutum ya ja numfashi. Babu wani wuri a jikin ɗan Adam da yake da irin wannan ƙira daidai-wa-daida. Wani likitan New York mai suna Robert Weir ne ya bayyana hanyar yanke ɗan tsinin nama daga wannan wuri a shekarar 1892, kuma har yau ana kiran yankan da sunansa. Iri-irin aikin uku ne a taƙaice: ko a yanke daga waje, a cikin lungun da ke tsakanin hanci da kunci, don rage bajewar gefen; ko a yanke daga daɓen ƙofar, don ƙanƙanta ramin kansa; ko kuma a zura zare ta ƙarƙashin fata a jawo gefunan biyu ciki ba tare da an cire komai ba. Na ukun ne kaɗai ake iya warwarewa da ɗan sauƙi, sauran biyun kuwa hukuncinsu ɗaya ne da na yadin da tela ya riga ya sa wa almakashi, wanda ake iya ƙara masa ƙyalle amma ɗinkin zai nuna.

Awon da ake magana a kai milimita ne, biyu ko uku ko huɗu a kowane gefe, kuma a nan haɗarin yake, domin kuskuren milimita ɗaya da ba zai taɓa bayyana a cinya ko a ciki ba, a tsakiyar fuska kowa yana ganinsa. Likitocin da ke karɓar waɗanda aikinsu ya ɓaci suna ganin abubuwa iri ɗaya suna maimaituwa. Akwai wanda ƙofa ɗaya ta fi ɗaya girma. Akwai wanda zagayen gefen hancinsa ya miƙe ya zama kamar an matse shi da yatsu, har kan hancin ya koma ya fi da girma a ido, saboda an rage ƙasan an bar saman yadda yake. Akwai wanda aka shafe masa lungun da ke tsakanin hanci da kunci, sai hancin ya zama kamar an manna shi a fuska. Akwai kuma wanda aka bari da ɗan tsagi a bakin ƙofar, ko tabo mai duhu, ko alamun ɗinki a jere. Duk waɗannan na gani ne, kuma zafinsu a zuciya yake. Wanda ya fi su nauyi shi ne na numfashi.

Ƙofar hanci ita ce mashigar farko ta iska, kuma hanci shi kaɗai yana ɗauke da kusan rabin turjiyar da iska ke gamuwa da ita a hanyarta zuwa huhu. Tun a ƙarni na 19 wani likitan Faransa mai suna Poiseuille ya nuna cewa idan aka ƙuntata bututu kaɗan, abin da ke bi ta cikinsa yana raguwa da yawa fiye da gwargwadon ƙuntatawar, ta yadda bututun da aka rage wa kashi ɗaya cikin biyar na faɗinsa zai wuce da ƙasa da rabin abin da yake wucewa da shi a da. Hanci ba miƙaƙƙen bututu ba ne, saboda haka lissafin ba ya zama daidai a kansa kwabo da kwabo, amma darasin yana nan. Yarinyar da aka rage wa ƙofar hanci fiye da kima tana iya samun kanta tana barci baki buɗe, tana farkawa da busasshen maƙogwaro, tana kasa hawa bene ba tare da haki ba, kuma idan ta ja numfashi da ƙarfi sai gefen hancin ya faɗa ciki ya toshe hanyar. A lokacin hunturu, da ƙura ke sa cikin hanci kumbura ko ga mai lafiya, wannan wahala tana ninkuwa. Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido, kuma da wuya a sami inda maganar ta zauna daram kamar a nan.

Ya kamata ɗa ko 'yar da ba su kai ga wuƙar ba su tsaya su binciki inda ƙin hancin nasu ya samo asali, domin sau da yawa shaidar da suka dogara da ita ta ƙarya ce. A shekarar 2018 wasu masu bincike a Amurka, ciki har da likita Boris Paskhover na Jami'ar Rutgers, sun nuna ta hanyar lissafi cewa hoton da mutum ya ɗauki kansa da waya daga nisan kimanin santimita 30 yana nuna faɗin hanci ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari, alhali hoton da aka ɗauka daga nisan mita ɗaya da rabi yana nuna shi yadda yake. Dalilin kuwa shi ne hanci ya fi sauran fuska kusa da idon kyamara, kuma abin da ya fi kusa shi ya fi girma a hoto. Ke nan matashin da ke duban hotunan wayarsa dare da rana yana ƙyamar hancin da babu wanda ke gani sai shi. Daga nan sai manhajoji irin su Snapchat da Instagram da TikTok su miƙa masa wata fuskar da aka tace, mai siririn hanci da santsin fata, ya riƙa auna kansa da ita, ya manta cewa ba a gina ta da nama da jini ba, kuma ba ta bukatar numfashi.

Akwai kuma ma'aunin da aka daɗe ana koya wa masu zane da likitoci a Turai, wanda ya ce faɗin hanci ya kamata ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin idanu biyu. Masani Leslie Farkas, wanda ya shafe shekaru a Toronto ta Kanada yana auna fuskokin al'ummomi daban-daban, ya nuna cewa wannan ma'auni bai dace da Turawa da yawa ba, balle 'yan Afirka. Wani bincike na Jami'ar Jihar Pennsylvania da aka wallafa a 2017 ya gano cewa faɗin ƙofofin hanci yana da alaƙa da yanayin ƙasar da kakannin mutum suka zauna, inda faffaɗan hanci ya fi yawa a wurare masu zafi da laima, siriri kuma a wurare masu sanyi da bushewa. Duk da haka ba gaskiya ba ne a ɗora wa Turawa laifin duka, domin a ƙasar Hausa ma an daɗe ana yabon dogon hanci, littattafan soyayya suna siffanta jarumarsu da hanci har baka, kuma yara suna tasowa suna jin ana tsokanar mai faffaɗan hanci a gida da makaranta. Wannan tsokana da manya ke ɗauka wasa tana zama a zuciyar yaro shekara da shekaru, kuma uwa ko goggon da ke yi wa 'yarta ba'a da hancinta tana da hannu a cikin abin da zai kai yarinyar gadon tiyata wata rana. Fuska dai tana da tsarinta, leɓe da kunci da goshi suna tafiya tare da hancin da aka halicce su da shi, kuma hancin da ya yi kyau a wata fuska yana iya zama baƙo a wata.

To, ga wanda aka riga aka yi wa aikin bai ji daɗin sakamakon ba, nasiha ta farko ita ce haƙuri, kuma haƙurin nan magani ne da yake da dalili a ilimin jiki. Kumburin hanci yana daɗewa fiye da na yawancin sassan jiki, musamman ga mai kaurin fata, kuma gefe ɗaya yakan riga ɗaya saɓewa, ta yadda rashin daidaiton da ake gani a wata na biyu yana iya ɓacewa a wata na takwas. Tabo ma yana da rayuwarsa: yana farawa da tauri da duhu, ya fi muni a tsakanin makonni na farko zuwa wata na uku, sannan ya riƙa laushi a hankali har shekara ko fiye. Saboda haka ne yawancin ƙwararru ba sa yarda su sake yanka sai an cika kimanin wata 12, domin wanda ya yanka naman da bai gama warkewa ba yana aiki ne a kan siffar da za ta canza, kuma jinin da ke ciyar da wurin bai gama komawa daidai ba. Sauri ya haifi nawa. Matashin da ya gudu wurin likita na biyu a wata na uku, ya koma na uku a wata na bakwai, yana tara tabo a kan tabo ne, kuma kowane yanka yana rage abin da likita na gaba zai samu ya yi aiki da shi. Amma banda alamun haɗari, irin su fata ta yi baƙi ko fari fat, ko mugunya, ko zazzaɓi, ko ɗinki ya buɗe, ko ƙofar ta riƙa tsukewa da sauri, waɗanda duk suke bukatar a ga likita a ranar.

Zaman jiran ba zaman banza ba ne. A cikin wannan shekara likita yana iya ba da ɗan bututun roba mai laushi da ake sawa a cikin ƙofofin hanci, galibi da dare, don ya hana tabo jawo su ciki. Yana iya yin allurar sitiroyid, wato maganin da ke lafar da kumburi, a cikin tabon da ya yi tudu, da taka-tsantsan domin yawanta yana sirantar da fata ya kuma dusashe launinta. Ana kuma shafa man silikon da kare wurin daga rana, tun da rana tana ƙara duhun tabo a baƙar fata. Ga mutane da dama waɗannan ƙananan matakai, tare da lokaci, suna isa, sai shekara ta cika su ga abin da ya rage bai kai a sake zubar da jini a kansa ba.

Idan shekara ta cika matsalar tana nan, to girman abin da aka rasa shi ne zai nuna hanyar gyara. Inda tabo ne kawai ya yi muni, ana iya yanke shi a sake ɗinki mai kyau, ko a goge samansa da na'ura. Inda ƙofar ta ɗan tsuke, ana iya saki tabon a juya fatar da ke kusa, a turo ɗan yanki daga gefen kunci ko daga daɓen hanci zuwa ciki, don a ƙara faɗi da 'yan milimitoci. Inda gefen hanci ke faɗawa ciki wajen numfashi, ana ɗauko siririn guringuntsi daga bangon da ya raba ƙofofin biyu, ko daga kunne, ko daga haƙarƙari idan an riga an cinye na bangon a aikin farko, a dasa shi ya zama tokara. Amma inda naman ya yi ƙaranci sosai, hanyar da aka fi dogara da ita ita ce a yanko fata da guringuntsi a haɗe daga kunne a dasa a wurin da aka rasa, dabarar da likitan Jamus Fritz König ya bayyana tun 1902. Kunne ne aka zaɓa saboda lanƙwasarsa ta fi kusa da ta hanci. Wannan dashe ba ya zuwa da jijiyar jininsa, yana rayuwa ne a kwanakin farko da abin da ya tsotsa daga gefunan raunin, shi ya sa ba a iya yin sa da girma, galibi bai wuce santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, domin tsakiyar wanda ya fi haka tana mutuwa kafin sababbin jijiyoyi su kai gare ta. Ko wanda ya kama yakan ɗan tsuke daga baya, launinsa kuma yana iya bambanta da na fatar da ke kewaye da shi. Idan asarar ta wuce wannan, sai a koma ga juyo fata daga kunci ko daga goshi tare da jijiyarta, aikin da ake yi hawa biyu ko uku da tazarar makonni a tsakani, wanda asalinsa na waɗanda ciwon daji ko hatsari ya cinye wa hanci ne.

Akwai wani abu a nan da ya shafi baƙar fata musamman, kuma ba kowane likitan ƙetare ne yake tunawa da shi ba. Tabon nan mai tsiro da ake kira kiloyid, wanda ke girma ya wuce iyakar raunin da ya haife shi, ya fi yawa a tsakanin 'yan Afirka. Tsakiyar fuska ba ta cika yin sa ba, amma kunne yana daga cikin wuraren da ya fi so, kamar yadda ake gani a kunnuwan 'yanmatan da hujin ɗan kunne ya zame musu curi. Ke nan wanda aka yanko wa nama daga kunne don a gyara hanci yana iya samun sabuwar matsala a inda a da lafiya lau yake. Duk yarinyar da huji ko wani rauni ya taɓa bar mata irin wannan tabo, ko aka san shi a danginta, wajibi ne ta faɗa wa likita tun kafin aikin farko, balle na biyu.

Haka nan ya kamata a guji wata gajeriyar hanya da ake tallatawa, wato allurar cike, inda ake ɗura wani ruwa mai kauri a ƙarƙashin fata don a cike wurin da ya lotsa. A hannun ƙwararre, da irin ruwan da ake iya narkarwa idan an samu matsala, tana iya ɓoye ɗan ƙaramin lotsi na wasu watanni, amma ba ta buɗe ƙofar da ta tsuke, ba ta kuma mayar da naman da aka yanke. Haɗarinta ya fi yawa a hancin da aka taɓa yi wa tiyata, domin jijiyoyin jininsa sun sauya hanya kuma tabo ya matse su, idan kuwa ruwan ya shiga jijiya ko ya danne ta, fatar wurin tana iya mutuwa, kuma an samu waɗanda suka makance saboda jijiyoyin hanci suna da haɗi da na ido. Abin da ya taɓa hanci dama ido ne ke ruwa. Yin wannan allura a shagon kwalliya ko a ɗakin otal, a hannun wanda ba likita ba, ganganci ne da rai, kuma ruwan silikon na dindindin da wasu ke ɗurawa ba ya fita sai da wuƙa.

Zaɓen likita na biyu ya fi na farko muhimmanci, domin aikin gyara ya fi aikin farko wuya nesa ba kusa ba, ya fi shi tsada, kuma damar yin sa ba ta da yawa. Wanda ya cancanta shi ne likitan da ya ƙware a tiyatar gyaran jiki ko a fannin kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ya saba da gyaran hancin da aka taɓa yanka, ya kuma saba da baƙar fata. A Najeriya hukumar MDCN ce ke yi wa likitoci rajista, kuma babu laifi ko rashin kunya a tambayi likita takardar ƙwarewarsa, a kuma nemi ganin hotunan aikinsa na bayan shekara guda, domin hoton da aka ɗauka a kan gadon tiyata ko bayan mako ɗaya ba ya nuna komai game da yadda tabo zai kasance. Manyan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato suna da sassan kunne da hanci da maƙogwaro inda za a iya duba lafiyar numfashi tun kafin a yi maganar siffa. Likitan kirki zai leƙa cikin hanci, ya gwada numfashi, ya faɗi iyakar abin da zai iya, wani lokaci ma ya ce kada a yi komai, wanda kuwa ya yi alkawarin mayar da hanci yadda yake a da, ya kuma matsa a biya kuɗi yau, ya riga ya nuna ko shi wane ne. Masu tafiya Turkiyya ko Masar ko Indiya su sani cewa a can akwai ƙwararru na gaske akwai kuma 'yan kasuwa, kuma tsarin da ake haɗa tikiti da otal da tiyata a farashi ɗaya, a dawo gida bayan mako guda, ya saɓa wa ɗabi'ar wannan aiki, tun da matsalolinsa suna bayyana ne bayan watanni, lokacin da likitan yake wata nahiya. Araha ba ta ado. Ko a ina aka yi aikin farko, a nemi rubutaccen bayanin abin da aka yanke da inda aka yanke, tare da hotunan kafin aiki, domin su ne jagoran mai gyara.

Shi ma mai neman gyaran akwai abin da ke kansa, wato faɗin gaskiya, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Taba sigari da shisha suna tsuke ƙananan jijiyoyin jini, kuma su kaɗai sun isa su kashe dashen da aka sha wahalar yi, don haka ake neman a daina su makonni kafin aiki da bayansa. Mayukan bilicin da yawa suna ɗauke da sitiroyid, wanda ke sirantar da fata ya hana rauni haɗewa da wuri, kuma yarinyar da ta ɓoye wa likita cewa tana shafa su ta cuci kanta. Haka ciwon suga, da sikila, da magungunan da ke tsinka jini, da allurar cike da aka taɓa yi a ɓoye.

Akwai kuma waɗanda ciwonsu ba a hancin yake ba, kuma a yi maganarsu da tausayi. Tun 1891 likitan Italiya Enrico Morselli ya siffanta wata larura da ke sa mutum ya shagaltu da wani aibi a jikinsa wanda wasu ba sa gani ko suke ganinsa ƙanƙani, ya shafe sa'o'i a gaban madubi ko ya guje shi gaba ɗaya, ya daina shiga mutane, ya riƙa tambayar na kusa da shi ko sun lura. Ana ƙiyasta tana samun kusan mutum biyu cikin ɗari, ta fi yawa a cikin masu neman tiyatar hanci, kuma tana farawa ne galibi a shekarun balaga. Tiyata ba ta cika warkar da ita ba, damuwar takan koma kan tabon ko ta tashi zuwa wani sashe na jiki. Abin da ke taimakawa shi ne ganin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam, da zaman tattaunawa mai tsari, wani lokaci da magani. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Duk ɗan da ya ga baƙin cikin hancinsa ya hana shi karatu ko aiki, ko ya kai shi ga tunanin cutar da kansa, to ya faɗa wa wani babba da ya amince da shi a yau, kafin a yi maganar kowace tiyata.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 18 a Putrajaya ta Maleshiya a 2007, ta bambance tsakanin tiyatar da ake yi don mayar da gaɓa siffarta ko aikinta, ko kawar da lahani na haihuwa ko na ƙuna ko hatsari ko cuta, wadda ta halatta, da wadda ake yi don sauya lafiyayyar halitta saboda son rai ko kwaikwayon wasu, wadda ta hana. Malamai sukan kafa hujja da labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya sa na zinariya. Wanda ke tunanin aikin farko ya auna kansa da wannan ma'auni. Wanda kuwa ya riga ya yi, numfashinsa ya ƙuntata ko fuskarsa ta samu lahani, kada kunya ko ganin ya yi laifi su hana shi neman magani, domin halin da yake ciki yanzu cuta ce da ake neman kawarwa, kuma yana iya kai tambayarsa ga malamin da ya san fiƙihu ya kuma saurari bayanin likita.

Kada kuma ya yanke ƙauna daga abin da hannun likita zai iya. A Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma, wadda ke cinye leɓe da kunci da hanci, wanda aka buɗe a 1999, kuma a can likitoci suna sake gina hancin da ya tafi gaba ɗaya da fatar goshi da guringuntsin haƙarƙari, yara su koma gida suna ci suna sha suna numfashi. Ilimin da ya iya wannan ba zai gaza ga ƙofar da ta tsuke da 'yan milimitoci ba, muddin mai neman gyaran ya yarda cewa abin da ake nema shi ne hanci mai numfashi wanda ba ya jan ido, ko da bai zama na da ba. Iyaye da yayye su ma su sassauta harshe, domin yaron da ake yi wa gorin kuɗin da ya ɓatar shi ne yake ɓoyewa ya tafi wurin mai allurar otal.

Bayan aikin gyara, dashen kunne yakan yi fari a ranar farko, ya koma shuɗi-shuɗi, sannan ya fara ɗaukar launin rai a cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma a wannan tsakani ba a taɓa shi, ba a fyace hanci, ba a kwanciya rub da ciki. Bututun robar da likita ya bayar ana ci gaba da sa shi watanni, ko da ƙofar ta yi kamar ta zauna, domin tabo yana jan nama ciki ne a hankali, a daidai lokacin da mai shi ya ɗauka an gama, kuma saboda wannan dalili ake ci gaba da komawa asibiti a duba har shekara ta zagayo.